Shinge Uku a Bayan Gidan Fergus

Ranar Lahadi da safe Fergus Dunlop ya buɗe akwatin ƙarfen da yake kulle bindigoginsa, ya tarar da shida a maimakon bakwai. Ba a fasa ƙofa ba, ba a lanƙwasa komai ba. Mabuɗin ma yana nan inda ya saba ɓoye shi, cikin tsohon gwangwanin shayi a rumfar askin tumaki. Wadda aka ɗauke ita ce Tsohuwa, bindiga mai baki biyu da kakansa ya zo da ita daga Scotland, mai kunnuwa biyu da ake ja baya da babban yatsa, mai bututun murɗaɗɗen ƙarfe da zanensa ke tafiya kamar ruwa. Ta haura shekara ɗari da talatin. Baƙin albarushi kaɗai take ci.

Kafin a tashi daga coci duk garin Warrakool ya san wanda ya ɗauka. Ranar Asabar jama'a sun kwashe kaf zuwa wasan ƙarshe na ƙwallo a garin maƙwabta, Lionel Egan kuwa bai je ba. Shi ya gyara wa Fergus famfon rijiya ranar Juma'a, ga sawun takalminsa nan a tsakar gida. Ya taɓa yin shekara biyu a gidan yari a kan satar mota tun yana saurayi. Kuma baƙi ne, ɗan asalin ƙasar, daga gidajen bakin kogi. Wannan na ƙarshe babu wanda ya faɗe shi da baki. Da tsakar rana Sajan Zanetti ya je ya ɗauko shi.

Marlene, yayar Lionel, ba ta gari. Tana can arewa tana bin sawun karnukan daji da suka addabi tumakin wani makiyayi. Aikinta ke nan shekara talatin. Ubansu ne ya koya mata, shi da ya yi wa 'yan sanda bin sawu har ya tsufa ba a taɓa ba shi kujera a ofishinsu ba. Ranar Litinin da hantsi ta iso, ko gida ba ta biya ba ta wuce caji ofis.

Lionel na zaune a kan benci, an karɓe masa bel da igiyar takalmi.

"Yaya, kin zo da taba?"

"Ina ka je ranar Asabar?"

"Bakin kogi."

"Kai da wa?"

"Ni da kifi biyu. Na cinye shaidun nawa."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma a baki kawai ya yi ta.

"Ka san inda mabuɗin yake?"

"Har karen Fergus ya sani." Ya sunkuyar da kai. "Me zan yi da bindigar da sai an dafa ruwa an yi mata wanka duk bayan harbi? Ke ce mai wannan haukan, ba ni ba."

A waje Sajan Zanetti na jiranta, ɗan masu gonar inabi ne, a gabanta ya girma.

"Anti Marlene, ba ni na zaɓe shi ba. Sawunsa ne a gidan."

"Sawun Juma'a."

"Ran Alhamis za a kai shi gaban alƙali a birni. Satar bindiga, ga tsohon laifi a kai. Kin san abin da ke biyo baya."

Ta sani. Shekaru ne, ba watanni ba, kuma Lionel da ƙirjin asma ba zai fito yadda ya shiga ba.

"Ka ba ni lokaci zuwa Laraba."

"Ni ban taɓa hana ki yawo a gonar mutane ba," in ji Sajan.

*

'Yan sanda sun tattake tsakar gidan Fergus kamar an koro shanu. Ba ta ɓata lokaci a nan ba. Ta zagaya bayan rumfar aski, ta sa rana a gabanta don inuwa ta cika sawu. An yi yayyafi ranar Juma'a da yamma, jar ƙasar ta riƙe duk abin da ya taka ta tun daga lokacin: kangaru uku, yanyawa ɗaya, tumaki ba adadi. Sai takalmin roba, irin wanda babu barandar da ba a jere shi ba a yankin.

Sawun ya taso daga hanyar tsakuwa ta bayan gona, tafiyar kilomita biyu, ya zo ya koma. Takalmin ya yi wa mai shi yawa, dunduniyarsa na zamewa a ciki, hakan ya ɓata mata fasalin tafiyarsa. Abu ɗaya ta tabbatar: ba ya ɗingishi. Lionel kuwa tun da rago ya karya masa gwiwa yake jan ƙafar hagu. Amma alƙalin birni ba ya karanta ƙasa. Suna yake so.

Shingen waya uku ne tsakanin hanyar da gidan. A zuwa, mutumin ya raba waya ya wuce abinsa. A komawa ya tsaya. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya miƙa wani abu ta ƙarƙashin waya, ya matsa gefe taku huɗu, ya tsallaka daga can, sannan ya dawo ya ɗauka. A inda ya ajiye ɗin ga alamar gindin bindiga a karkace, yadda take kwanciya idan an karya ta an buɗe. Ɓarawo, da rana tsaka, a fili, riƙe da bindigar da ya san babu harsashi a ciki, amma ya tsaya ya buɗe ta kafin ya haura shinge. Wannan ba aikin tsoro ba ne. Sabo ne da ya shiga ƙashi. Ɗan ƙungiyarsu ne, ƙungiyar masu harba tsofaffin bindigogi.

Inda ya kamata bakin bindigar ya taɓa ƙasa kuwa, babu alamar baki. Da'ira ce, faɗin babban faranti, da ɗan giɓi a gefe guda kamar gaɓar yatsa.

Marlene ta daɗe a tsugune. Ta ce wa kanta murfin bokiti ne. A shinge na biyu ta sake tarar da da'irar, da giɓinta. A na uku ma haka. Abu ɗaya ta sani da ke barin irin wannan alama, ta ƙi kiran sunansa ko a cikin ranta. Ta koma mota ta ɗebo tsofaffin kwanon rufi, ta kifa a kan dukkan ukun, ta danne da duwatsu.

*

Fergus na baranda, bargo a gwiwa, shekara tamanin da ɗaya. Da ya gan ta sai ya mai da ido ga karensa.

"Ban ce shi ne ba, Marlene. An tambaye ni wa ya shigo gidan, na faɗa."

"Wa ya san gwangwanin shayin?"

"Ni, da Moira, da mijinta. Da Lionel. Sai Cecil mai gyaran bindiga, ai shi ke duba min su."

Moira, 'yarsa, ta kawo shayi da burodin da ta gasa, ta ajiye ba tare da ta haɗa ido da kowa ba.

"Me ya sa Tsohuwa? Akwai waɗanda suka fi ta a akwatin."

"Abin da nake ta tambayar kaina ke nan. Yau ɗin nan ma ya kamata ta tafi Melbourne."

"Yin me?"

"Na ba Moira ita. Za ta fara harbi bana. Darryl mijinta ya kafe sai wani gwani a can ya auna kaurin bututun kafin matarsa ta ɗora hannu a kai. Cecil ya ce asarar man mota ce kawai, shi ya kankare mata tsatsar ciki shekara goma sha biyu da suka wuce, ya san ta kamar yunwar cikinsa." Ya yi tari. "Ke ce ma shaida. Tun da kafaɗata ta mutu ke kike harba ta ranar gasar shekara. Nawa ke nan?"

"Goma sha ɗaya."

"Ta taɓa yi miki gardama?"

"Ba ta taɓa ba."

Ta samu Darryl, mijin Moira, a garken tumaki. Kowa ya san ya daɗe yana cewa a rabu da tarkacen tsohon, kuma an ga motarsa ta bar filin ƙwallo tun ana hutun rabin lokaci.

"Ka bar wasa a tsakiya," in ji ta.

"Ana yanka mu. Ba zan zauna kallon jana'iza ba."

"Ina ka je?"

Ya waiga wajen gidan, ya rage murya. "Kallon wani kwalekwale mai inji. Moira ba ta sani ba. In za ki gaya mata, gara ki ce ni na saci bindigar, hukuncin zai fi sauƙi."

Ya ba ta sunan mai kwalekwalen. Ba ta buƙace shi ba. Ta tsaya ta kalle shi yana tafiya zuwa ƙofar garke, yatsun ƙafa a waje kamar agwagwa. Babu takalmin da zai ɓoye wannan.

Ta so a ce shi ne. Ta so ƙwarai.

*

Ranar Talata da safe ta je shagon Cecil Harbord, mai gyaran bindiga. Ƙamshin nan ne dai na mai da katako da ta sani tun tana budurwa.

Shekara talatin da suka wuce ta zo ƙofar filin ƙungiya da tsohuwar bindigar ubanta, maza suka yi tsit kamar an yi mutuwa. Cecil ne ya miƙe ya rubuta sunanta a littafi, ya ce duk wanda bai ji daɗi ba ƙofa a buɗe take. Shi ya koya mata a karya bindiga a leƙa bututu kafin a sa harsashi, kada a taɓa ba tsohon ƙarfe albarushin zamani, a wanke ta da tafasasshen ruwa ranar da aka harba. Ranar da aka binne ubanta, shi kaɗai ne farar fata a masu ɗaukar akwati. Duk shekara shi yake ɗura mata harsasan Tsohuwa da hannunsa, ya naɗe su a takarda, ya rubuta sunanta a bayan ƙunshin.

"'Yata. Shigo, ruwa na kan wuta."

Ya kawar da wasu kayan aiki, ya ba ta kujera. Shekara saba'in da huɗu, hannunsa ko gezau.

"Na ji abin da ya sami Lionel. Wani lokaci mutum kan aikata abin da bai yi niyya ba. In ana so zan je in roƙa masa alƙali, in ce yaron kirki ne."

"Yaron shekararsa arba'in da shida."

"A wurina dai yara ne ku duka."

"Ina kake ranar Asabar, Baba?"

Ya yi dariya. "Har ni? Ina nan. Kin san ni da ƙwallo, in za a biya ni ma ba zan je ba." Ya ɗauko buta. "Ƙasa ta gaya miki wani abu?"

"Takalmin roba. Shinge uku."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Malafarsa na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Babu ɗan ƙungiyar da bai san ta ba. Cecil ba ya yarda bakin bindiga ya taɓa ƙasa, ya ce ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta fasa bututu. Duk shingen da zai haura sai ya cire malafar, ya kifa ta a ƙasa ta ɗaya gefen, ya kwantar da bakin bindiga a kanta. An yi masa tsiya a kan haka har an gaji, Beryl sakatariya kan ce malafar ta fi kan da ke cikinta aiki. A samanta layin mai guda biyu sun yi baƙi. A gefenta ga giɓin da ɗan kwikwiyonsa ya gatsa shekarun baya. A ƙarƙashin gefen kuma jar ƙura ta maƙale. Ƙasar unguwar Cecil toka-toka ce.

Kallon da ta yi mata bai wuce na numfashi biyu ba. Da ta juyo, idonsa na kanta. Ya tsiyaya mata shayi har bakin kofi, ko ɗigo bai zuba ba.

Ta shanye duka. Ta ce ta gode. A mota ta zauna ta riƙe sitiyari har inuwar shagon ta matsa daga kan gilashi, sannan ta tayar ta nufi wajen Sajan. Abin da ta gaya masa kawai shi ne ya tara mata 'yan ƙungiya gobe, kowa da bindigarsa.

*

Laraba da la'asar mutum tara suka hallara a filin harbi. Tsakanin rumfar ƙungiya da wurin tsayuwar masu harbi akwai shingen waya, ƙofarsa na can nesa, kowa ya saba haurawa. An kawo wa Fergus kujera. Sajan Bruno Zanetti ya jingina da motarsa.

"Ɓarawon ya yi tafiya ɗauke da bindiga," in ji Marlene. "Nauyi na canza takun mutum. Kowa zai ɗauki tasa ya taka daga nan zuwa wancan busasshen itacen. Ɗaya bayan ɗaya, kada sawu ya gauraya."

"Wato yanzu mu ne ɓarayin," wani ya ce daga baya.

"Ran Lahadi ƙanena ne. Yau layi ya zo kanku."

Beryl O'Dea, sakatariyar ƙungiya, wadda ke rubuta maki tun kafin a haifi Sajan, ita ta fara. "In ni ce, Bruno, ka ba ni ɗaki mai taga. Kuma ba na cin wake."

Ta je bakin shinge, ta karya bindiga, ta leƙa bututu biyu, ta tura ta ƙarƙashin waya, ta haura da ƙyar tana zagin gwiwarta. Darryl ya bi da bindigar aro, yana takun agwagwa, aka yi masa dariya. Sauran suka bi. Kowa ya karya, ya leƙa, ya ajiye a ƙasa, ya haura, ya ɗauka. Marlene na tsaye idonta a ƙasa kamar sawun take dubawa.

Cecil ne na ƙarshe. An goge malafar tas, har layin man ya ɗan dusashe. Ya taka a natse zuwa shinge. Ya karya bindiga, ya leƙa hagu, ya leƙa dama. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Hannunsa ya tashi da kansa ya kama gefen malafa, ya tsaya a nan, sai ya sauko kamar ƙuda ya kora. Ya tura bindigar ƙarƙashin waya, ya kwantar da bakinta a kan yashi.

Surutu ya yanke. Shekara talatin babu wanda ya taɓa ganin haka.

"Cecil, lafiya?" in ji Beryl daga gindin itace. "Ko malafar ta yi ritaya ne ba a gaya min ba?"

Cecil bai haura ba.

"Ban gaya wa kowa maganar malafa ba," in ji Marlene. Ba ta ɗaga murya ba. "Ko Sajan bai sani ba. A shinge uku na bayan gidan Fergus, wanda ya ɗauki Tsohuwa ya kifa malafa ya ɗora bakinta a kai. Malafa mai giɓi a gefe. Na rufe alamun da kwano, suna nan. Wanda bai je wurin ba, ba shi da dalilin barin malafarsa a ka yau."

Sajan ya tashi daga jikin mota. "Malam Cecil, ara min ita. Mu je mu gwada."

Cecil ya jawo bindigarsa daga ƙarƙashin waya. Ya ciro hankici, ya share yashin da ke bakinta, ya hura bututu ɗaya, ya hura ɗayan, ya leƙa. Sai da ya gama sannan ya miƙa wa Sajan ita a buɗe, gindi a gaba.

"Ba sai kun wahala ba. Tsohuwa tana ƙarƙashin bencin aikina, cikin bargo. Na shafa mata mai."

Fergus ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. "Kai? Da ka ce kana so ai da na ba ka."

"Ba so nake ba." Cecil na kallon ƙasa. "Lokacin da ka kawo min ita, tsatsa ta ci rami mai zurfi a bututun hagu. Na kankare, ramin bai fita ba. Na ƙara. Na sake ƙarawa sau ɗaya. Da na auna sai na ga na wuce gona da iri, ƙarfen ya sirance har zai iya fashewa. Kamata ya yi in ce maka ta gama aiki, a rataye ta a bango."

"Me ya hana ka?"

"Shekara hamsin ban taɓa lalata bindigar mutum ba. Sai in fara da ta kakanka?" Ya dubi Fergus. "Mutumin Melbourne minti biyar zai yi ya gane. Ya gane kuma hannun wa ya yi."

"Matata za ta riƙe wannan abin," in ji Darryl. Moira ta kama masa hannu.

"Shi ya sa na ɗauke ta. Niyyata in jefa ta a kogi. Na je har gaɓa da ita. Na kasa."

"Ka kasa," in ji Marlene. "Lionel kwana uku ke nan a kulle."

"Na ɗauka za su sake shi. Ba su da wata shaida."

"Ka ce za ka roƙa masa alƙali."

Cecil ya ninke hankicinsa, ya mayar aljihu.

Marlene ta karɓi bindigarsa daga hannun Sajan, ta riƙe masa ita a gabansa. "Nuna min. A ina Tsohuwa ta yi siriri?"

Ya ɗora yatsa a kan bututun hagu, tazarar tafin hannu daga ƙarshen katako. Kowa a wurin maharbi ne, babu wanda ya nemi bayani. Nan ne yatsun hannun hagu ke naɗewa.

"Ya kai kaurin me?"

"Kamar katin gaisuwa."

"Harsasan da kake ɗura min."

"Ina rage albarushi. Duk shekara ina ƙara ragewa. Ban taɓa barin ki sa mata na wani ba, ki tuna. Ko sau ɗaya."

"Ka ce saboda kafaɗata ne."

"Na kula da ke, 'yata. Allah ya sani na kula."

Marlene ta mayar wa Sajan bindigar. Ta dubi wurin tsayuwar masu harbi can bayan shinge, inda ciyawa ta mutu saboda taku.

"Shekara goma sha ɗaya ina harba ta, kana wurin. A ina kake tsayawa?"

Beryl ce ta amsa, ita da ke zaune a bayan kowane maharbi da littafin maki. Babu tsiya a muryarta wannan karon.

"A damanki. Kullum a damanki, nesa da bututun hagu, ya ɗan ja baya."

*

Kafin rana ta faɗi aka mayar wa Lionel bel ɗinsa da igiyar takalmi. Ya fito yana ƙifta ido, ya shiga mota ya zauna.

"Waye?"

"Cecil."

Ya juyo ya kalle ta, ya ga ba wasa take ba.

"Shi da ya ɗauki akwatin Baba?"

"Shi."

Ya buɗe aljihun gaban mota yana neman taba. Abin da ya faɗo masa a cinya ƙunshin takarda ne, ragowar harsasan bara guda shida, an ɗaure da zare. A bayansa an rubuta sunanta da kyakkyawan rubutu irin na mutanen da.

Marlene ta karɓa. Ta fita, ta koma cikin ofis, ta ajiye ƙunshin a kan teburin Sajan.

"Ka sa a kwance su a auna. Za su nuna cewa ya sani."

"Anti, ki zauna ki sha ruwa."

"Ina da karnuka a arewa da ban gama da su ba."

Ta dawo ta tayar da mota. Hanyar gidajen bakin kogi ta bi ta gaban shagon Cecil, ƙofa a buɗe, ɗan sanda na fitowa rungume da dogon abu cikin bargo kamar jariri. Ba ta rage gudu ba. Ta sa hannun hagu ta canza giya, yatsu biyar cif, ta miƙe hanya.